Yadda Ake Tantance Gidajen Kula da Tsofaffi a Ingila

A Ingila, ba a buɗe gidan kula da tsofaffi sai da rajistar hukumar CQC, wadda ta fara aiki a 2009. Jami'anta kan kai ziyarar bazata domin duba yadda ake ba da magani, tsafta, abinci, yawan ma'aikata, da matakan kare tsofaffi daga faɗuwa da gyambon kwanciya. Sakamakon kashi huɗu ne: mafi kyau, mai kyau, mai buƙatar gyara, da wanda ya gaza. Doka ta wajabta wa gida ya liƙa nasa inda kowa zai gani.

Kafin ku kai mahaifi ko kaka, ku karanta rahoton gidan a shafin hukumar, sannan ku je da kanku. Warin fitsari, ko tsoho yana kira ba mai amsawa, kan nuna ƙarancin ma'aikata.