Jere: Ƙaramar hukumar da birni ya cinye rabinta

Wanda ya hau Keke Napep daga tsakiyar Maiduguri ya nufi Jiddari Polo ba zai ga wata alama da za ta nuna masa cewa ya fita daga wata ƙaramar hukuma ya shiga wata ba. Duk wanda ka tambaya a unguwar zai ce maka shi mutumin Maiduguri ne, kuma da gaskiyarsa. Amma a takarda, Jiddari Polo da unguwanni irin su Galtimari da Mairi da Gomari da Old Maiduguri duk ƙarƙashin Jere suke, ƙaramar hukumar da aka yanko daga Maiduguri a 1996, aka kai hedikwatarta Khaddamari, can bayan gari.

Jere ƙasa ce mai fuska biyu. Ɓangare guda birni ne zalla, ɗaya kuma gonaki ne da fadama, inda kogin Ngadda ke malala ya shayar da shinkafar Zabarmari da Gongulong. Lokacin da aka ƙirƙiro ta, ɓangaren karkara ne ya fi rinjaye a tunanin masu shata iyaka. Ƙidayar 2006 ta ba ta mutum kimanin 211,000 a fili mai faɗin murabba'in kilomita 868. Tun daga nan ba a sake ƙidaya a Najeriya ba, amma duk mai ido ya san wannan adadi ya daɗe da zama tarihi.

Faɗaɗar gari ta fara ne a hankali. Maiduguri ta zama babban birnin Jihar Arewa maso Gabas a 1967, an kafa jami'a a 1975, aka ƙirƙiro Jihar Borno a 1976. Ma'aikata da malamai da 'yan kasuwa suka riƙa neman fili mai araha a gefen gari, suna saye a hannun masu gona, bulama da lawan na shaida. Wannan irin girma kowane babban birni ya san shi.

Abin da ya sauya lissafi shi ne rikicin Boko Haram da ya ɓarke a 2009, musamman daga 2014, lokacin da Gwoza da Bama suka faɗa hannun mayaƙan, Baga ta biyo baya a Janairun 2015. Jama'a suka kwararo Maiduguri dubu bisa dubu. Ana yawan maganar sansanoni, amma akasarin 'yan gudun hijira ba a sansani suka sauka ba. Gidajen 'yan'uwa suka cika, aka raba tsakar gida da zana, kangwaye da gine-ginen da ba a ƙarasa ba suka zama matsuguni. Da yake cikin gari ya riga ya cushe kuma haya ta yi tsada, unguwannin Jere ne suka ɗauki mafi yawan nauyin. Da gwamnatin jihar ƙarƙashin Babagana Umara Zulum ta fara rufe sansanonin birnin a 2021, ciki har da na Bakassi, wasu sun koma garuruwansu, wasu kuwa da ba su amince da tsaron can ba sai suka sake gangarowa cikin waɗannan unguwanni.

Abin da ya sa filin bakin gari ya yi araha shi ne kuma ya sa shi cikin haɗari. Jiddari Polo na kusa da barikin Giwa, wanda aka kai wa hari ranar 14 ga Maris 2014, kuma unguwar kanta ta sha hari a Yunin 2017 da Afrilun 2018. Mutumin da ya gudo daga Damboa ko Konduga ya sami ɗakin haya a nan, sai ya tarar shi ne dai na farko da ƙarar bindiga ke tasa da dare. Duk da haka mutane ba su fasa gini ba, domin ba su da inda ya fi.

Babbar asarar ta faɗa kan ƙasar noma, kuma an matse ta ne ta fuska biyu. Daga ciki, gona na komawa fuloti, saboda kuɗin da mai gona zai karɓa a rana ɗaya ya fi abin da zai girba a damina da dama. Daga waje kuma, manomi ba ya iya nisa. Ranar 28 ga Nuwamba 2020 aka yi wa manoman shinkafa kisan gilla a ƙauyen Koshebe, aka binne mutum 43 a Zabarmari washegari. Birnin da bakunansa suka ninka, gonakin da ke ciyar da shi suna tsukewa. Wannan na cikin dalilan da suka sa farashin mudun hatsi ke gagarar talaka ko da kaka.

Sai ruwa. Bututun gwamnati bai bi sababbin layuka ba, don haka masu hali suka haƙa burtsatse, marasa hali suka dogara da masu kurar ruwa. Magudanai kuwa sai a hankali, kuma an yi gine-gine a kwari da gaɓar kogi inda a da ba wanda zai kafa ko bukka. Da madatsar Alau ta ɓalle a daren 9 zuwa 10 ga Satumba 2024, shekara 30 bayan ambaliyar 1994, ruwa bai tambayi inda Maiduguri ta ƙare Jere ta fara ba. Ya shafe Fori da Gwange, ya shiga Kasuwar Monday da asibitin koyarwa na jami'a, ya raba dubban ɗaruruwan mutane da muhallinsu. Madatsar tana Konduga, ɓarnar ta sauka a Jere da Maiduguri, kulawa da ita kuma na hannun gwamnatin tarayya.

Adalci ne a faɗi alherin da aka samu. Unguwannin nan sun haɗa Kanuri da Shuwa da Babur da Marghi da Hausawa da mutanen Gwoza a layi ɗaya, Hausa ta zama harshen ciniki da maƙwabtaka a tsakaninsu. Ƙananan kasuwanni sun buɗe, magina da masu walda da teloli sun sami aiki, yaran ƙauye da yawa sun shiga aji a karon farko. Sai dai duk wannan jama'a ce ta yi wa kanta, tsari bai riga ta isa wurin ba.

A ganina, tushen matsalar shi ne birni ɗaya ne amma hukumominsa a rarrabe suke, kuma wadda ta fi ɗaukar sababbin mazauna an gina ta ne da ma'aunin karkara. Wasu ƙasashe sun fuskanci irin wannan. A yankin Kataloniya na ƙasar Sifen, gundumar Baix Llobregat, wadda ta taso daga bakin teku zuwa cikin tudu a gefen Barcelona, ta ga birni na cinye gonakin bakin koginta. A 1998 aka keɓe kusan hekta 3,000 a matsayin filin noma da ba a gini a cikinsa, daga baya kuma garuruwa 36 na yankin Barcelona suka haɗu ƙarƙashin hukuma guda mai kula da ruwa da shara da sufuri. Arzikinsu ba namu ba ne, amma shata iyakar fadama doka take buƙata kafin kuɗi.

Hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli 2024, wanda ya ce a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, zai iya taimaka wa Jere, muddin an yi rabon da yawan mutanen da ke cikinta a yau. Kira na ga gwamnatin Borno da majalisar dokokinta shi ne su kafa hukuma ɗaya da za ta tsara Maiduguri da Jere da bakin Konduga tare, su haramta yanka fuloti a fadamar Jere da hanyoyin ruwa, su kuma sa bulamomi da lawanoni cikin aikin, tunda a gabansu ake cinikin fili.