Kafin kyamara, a tambayi batiri: yadda ake zaɓen waya a kudancin Nijar

A rumfunan sayar da wayoyi na babbar kasuwar Maraɗi, da na Kasuwar Dole a Damagaram, ba kasafai mai saye ke fara tambayar kyamara ba. Zai ɗauki wayar, ya juya ta, ya auna nauyinta a tafin hannu, sannan ya dubi mai kaya ya ce: tana riƙe caji? Sai an gama da wannan ake zuwa kan ciniki. Masu rumfa sun san halin mutanensu, shi ya sa lambar da suke fara nunawa a jikin kwali ita ce ta batiri, 5000 ko 6000, tun kafin mai saye ya buɗe baki.

Dalilin a fili yake. Alƙaluman Bankin Duniya sun nuna kusan mutum ɗaya cikin biyar ne ke samun wutar lantarki a Nijar, a karkara kuwa abin bai ko kusanci haka ba. Su ma mazauna birane ba su tsira ba. Kafin 2023, kimanin kashi 70 cikin ɗari na wutar da kamfanin NIGELEC ke rabawa daga Najeriya take zuwa, ta layin Birnin Kebbi zuwa Yamai da kuma layin Katsina zuwa Gazawa, wanda ke ciyar da Maraɗi da Damagaram. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da takunkumin da CEDEAO ta ƙaƙaba, Najeriya ta katse wutar a farkon watan Agusta, ba a kuma ɗage takunkumin ba sai a Fabrairun 2024. Tashar hasken rana ta Gorou Banda mai megawat 30, da ta fara aiki a kusa da Yamai a wancan lokaci, ta rage wa babban birni zafin abin, amma wanda ya yi waɗannan watanni yana farautar inda zai jona waya ya ɗauki darasin da ba ya mantuwa. A ƙauyuka kuma sana'ar cajin waya ta daɗe da kafuwa: tebur ɗaya, faifan sola ko ƙaramin janareto, wayoyi jere kamar kifi a kan tire, kowace galibi dala goma zuwa dala ashirin. Mutumin da ke biyan kuɗi duk lokacin da zai cika wayarsa ba ya buƙatar kowa ya koya masa darajar batiri.

Kamfanin da ya fi kowa gane wannan shi ne Transsion na birnin Shenzhen a ƙasar Sin, mai Tecno da itel da Infinix. Ya shigo Afirka da waya mai ɗaukar layi biyu, da batiri mai jimiri, da farashin da talaka zai iya kaiwa, har ya kai ga riƙe kusan rabin kasuwar manyan wayoyi a nahiyar. Layi biyu a nan ba ƙawa ba ne. Tsakanin Airtel, Moov Africa, Zamani Telecom da ya gaji Orange, da Niger Telecom, akwai garin da wannan rezo ke kamawa wancan ya ɓace, mazauna bakin iyaka kamar Ɗan Isa ko Birnin Ƙwanni kuma da yawa suna riƙe da layin Najeriya a gefe.

Ra'ayi dai ya rabu. Matasan Yamai da ɗalibai da dama ransu na kan iPhone ko Samsung, ko da kuwa na hannu ne, saboda hoto da kuma suna. Masu gyara sukan yi wa wannan zaɓi kallon tausayi. iPhone na hannu yakan zo ne bayan ya yi shekaru yana aiki a wata ƙasa, batirinsa ya tsufa. Wayar da kanta tana nuna lafiyar batirin a cikin saitinta, kuma kamfanin Apple na ɗaukar wanda ya faɗi ƙasa da kashi 80 a matsayin wanda ya kamata a canza. Mai saye da bai duba wannan lambar ba ya sayi waya mai kyawun hoto da ba ta kai la'asar. Ƴan kasuwa da direbobi kuwa sun yanke wa kansu hukunci tuntuni: babbar waya don WhatsApp, da ƴar ƙarama mai madannai da tocila don kira, wadda ke kwana uku ko huɗu ba ta nemi wuta ba. A kan wannan batu, su ne ke da gaskiya.

Inda aka fi cutar mai saye shi ne wajen fawa banki, wato rumbun cajin da ake yawo da shi a aljihu. Ƙorafin da aka fi ji shi ne: an rubuta 10,000, waya kuma 5000 ce, ya kamata ya cika ta sau biyu, amma sau ɗaya da rabi ya mutu. Abin mamaki, wannan ba lallai ya zama ha'inci ba. Lambar da ke jikin kwali ta ƙwayoyin batirin da ke ciki ce, waɗanda ke aiki a kan volt 3.7. Kafin wutar ta fito sai an ɗaga ta zuwa volt 5, idan ta shiga waya kuma a sake sauke ta, kowane mataki yana cin wani abu, ya fita a matsayin zafi. Shi ya sa na'urar ke ɗumi a hannu lokacin caji. Wajen kashi ɗaya cikin huɗu na abin da aka adana yakan tafi a haka. Saboda haka fawa banki mai 10,000 da ya cika waya mai 5000 sau ɗaya da rabi ya sauke nauyinsa.

Ha'incin na gaske yana wani wuri. Za ka ga na'ura da ba ta fi sabulun wanka girma ba, an rubuta mata 50,000, wani lokaci har 100,000, kuma kuɗinta bai kai na mai 10,000 na ƙwarai ba. Batirin lithiyam yana da nauyi, ba a kuma iya yi masa dabara. Mai 10,000 na gaske yana kai wajen giram 200, mai 20,000 kuma kusan ninki biyu. Ko kamfanonin jiragen sama, iyakar da suke barin fasinja ya shiga da ita ba tare da izini na musamman ba ba ta wuce kimanin 27,000 ba, kuma na'ura mai wannan girma tana cika tafin hannu. Masu yin jabu sun gane cewa mutane na auna nauyi, shi ya sa wasu ke cusa ƙunshin yashi ko guntun ƙarfe a ciki, kusa da ƙwayar batiri ɗaya tal. Haka ma waɗanda ake manna wa ɗan faifan sola a baya, da ke tafiya sosai a tashoshin mota. Faifan da bai fi tafin hannu ba zai yi kwanaki a rana kafin ya cika batirin, kuma shanya batiri a ranar Tawa hanya ce ta kashe shi.

Nan ne zafi ya shigo, kuma shi ne abin da aka fi rainawa. Apple, alal misali, ya ce wayoyinsa an yi su ne don aiki tsakanin digiri sifili zuwa 35, ya kuma yi gargaɗin cewa zafin da ya wuce haka na iya rage ƙarfin batiri har abada. Sauran wayoyi ma irin wannan batirin ne a cikinsu. A watannin Afrilu da Mayu, zafi na haura digiri 40 a yawancin garuruwan kudu, wasu ranaku har 45, a inuwa ke nan. Ɗan kabu-kabu da ya ɗaure waya a kan babur tun hantsi, ko direban da ya bar ta a gaban gilashin mota, ko mai shagon caji da ya tara wayoyi hamsin a ƙarƙashin rufin kwano, duk suna dafa batiri ne ba su sani ba. Akwai kuma ɗabi'ar sa waya a caji a ƙarƙashin matashin kai, don gudun ɓarawo ko don kada a rasa kira. Batirin da ya sha zafi yakan kumbura, ya fara ɗaga bayan waya ko gilashinta. Wanda ya ga haka ya daina caji nan take, kada kuma ya danna ko ya huda shi, domin irinsa na kama wuta. Manyan kamfanoni ma ba su kuɓuta ba: a 2016 sai da Samsung ya janye Galaxy Note 7 daga kasuwannin duniya saboda batirinta na kamawa da wuta.

Wata tsohuwar shawara da har yanzu wasu masu rumfa ke bai wa mai sabuwar waya ita ce ya bar ta ta mutu ƙurmus kafin ya yi caji, ko ya bar ta awa takwas a wuta a ranar farko. Wannan ta zamanin batiran nikel ce. Na lithiyam ya fi son a riƙa ƙara masa kaɗan-kaɗan, ya zauna tsakanin kashi 20 zuwa 80. Sai dai faɗa ya fi yi sauƙi: wanda bai san lokacin da wuta za ta dawo ba zai cika wayarsa har baki, kuma ba wanda zai ga laifinsa.

Sai caja, wadda ita ce kayan da aka fi yi wa rowa. Mutum zai sayi waya ta jika saba'in ko ɗari, idan cajarta ta ɓace ya sayi mafi arha a hannun mai talla. Aikin caja shi ne ta karɓi wuta mai volt 220 daga bango ta mayar da ita ƴar kaɗan da waya za ta iya sha, ta kuma raba tsakanin ɓangarorin biyu. A cikin ta ƙwarai akwai kayan kariya da ke tsayawa tsakanin wutar bango da hannun mutum. Ta jabu, waɗannan kayan ne ake cirewa don farashi ya sauka. Alamunta ba su ɓuya: ba ta da nauyi, tana zafi fiye da kima, wani lokaci gilashin waya ya riƙa taɓa kansa idan tana jone. A wurin da wuta ke zuwa da ƙarfi bayan an ɗauke, ko ake dogaro da janareto mai hawa da sauka, irin wannan caja ce ke aika wayoyi teburin masu gyara. Igiyar ma tana da nata rabon. Siririyar waya a cikin roba mai kauri ba ta iya ɗaukar wuta da yawa, sai a yi ta zargin batiri alhali igiya ce ke ja da baya.

Abu ɗaya da ya zo da sauƙi shi ne bakin caji. Tarayyar Turai ta wajabta bakin USB-C ga sabbin wayoyi daga ƙarshen Disamban 2024, Apple kuma ya koma kansa tun daga iPhone 15 a 2023. Doka ce da aka yi don Turawa, amma amfaninta ya iso har shagon caji na ƙauye, inda da ake tara igiyoyi iri-iri. Ƙananan wayoyi masu arha ne har yanzu ke zuwa da tsohon baki.

Manhajoji ma ana auna su ne da ma'aunin batiri da kredi. WhatsApp ba shi da abokin takara, musamman saboda saƙon murya, wanda ya bai wa wanda bai yi boko ba damar yin ciniki da ɗan'uwansa da ke Kano, Agadas ko Libiya da bakinsa. TikTok kuwa, iyaye na ƙorafin tarbiyya, masu shi na ƙorafin yadda yake shanye caji da kuɗin intanet, amma ba wanda ya goge shi. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne raunin rezo ma na cin batiri: idan waya ta yi nisa da eriya sai ta ƙara ƙarfi tana nema, shi ya sa matafiyi daga Maraɗi zuwa Dakwaro zai isa da waya a galabaice ko bai taɓa ta ba. Kuma tun da aika kuɗi ta Nita da Amana da makamantansu ya koma kan waya, mutuwar batiri ta wuce batun rasa hira. Lambar karɓar kuɗi na cikin saƙo, saƙon na cikin wayar da ta mutu, mai jiran kuɗin magani kuma na tsaye a bakin kanta.

Mafi yawan waɗannan kaya na shigowa ne ta Kano da Katsina, ko ta tashar ruwan Lome tun bayan da iyaka da Benin ta kasance a rufe, kuma a hanya na ƙwarai da na jabu ke cakuɗewa, kwali iri ɗaya, suna iri ɗaya. Garanti a rumfa galibi na baki ne: idan ka dawo gobe a canza maka, idan ka yi mako guda kuwa sai haƙuri. Ba duk mai rumfa ne macuci ba, da yawansu su ma a kwali suka saya, ba su da hanyar sanin abin da ke ciki. Akwai wata ƴar na'ura mai arha, ba ta fi ɗan yatsa tsawo ba, da ake sakawa tsakanin caja da igiya ta nuna ainihin wutar da ke wucewa da kuma jimillar da fawa banki ya bayar kafin ya ƙare. Wasu masu gyara na da ita a aljihun tebur. A rumfunan sayarwa, inda ta fi amfani, da wuya a gan ta.