Kano: Birnin fim da hawa, amma wuraren kallo na raguwa

A watan Disamban 2024 ne hukumar raya ilimi da kimiyya da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato UNESCO, ta sanya hawan Sallah na Kano cikin jerin al'adun da take ɗauka a matsayin gadon dukkan bil'adama.

An yanke shawarar ce a wani taro da aka yi a Asuncion, babban birnin ƙasar Paraguay.

Sai dai watanni shida kafin nan, rundunar 'yan sandan jihar ta hana hawan Babbar Sallah, haka kuma ta sake hanawa a Ƙaramar Sallah da Babbar Sallah na 2025.

Dalilin da aka bayar shi ne tsaro, sakamakon rikicin sarauta da ya ɓarke a watan Mayun 2024, lokacin da gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta mayar da Muhammadu Sanusi na Biyu kan gadon sarauta, shi kuma Aminu Ado Bayero ya koma gidan sarki na Nassarawa yana ƙalubalantar matakin a kotu.

Wannan dai ba shi ne kaɗai taron kallo da ya tsaya a birnin ba. Kano ce cibiyar shirya fina-finan Hausa, kuma nan ne akasarin mawaƙan zamani ke ɗaukar waƙoƙinsu, amma wuraren da jama'a ke haɗuwa su yi kallo tare sun daɗe suna raguwa, tun daga gidan silima har zuwa tashen yara a cikin unguwanni.

Abin da ake rasawa idan ba a yi hawa ba

Masana tarihi na danganta tushen hawan da zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, lokacin da mayaƙa da hakimai kan fito a kan dawaki domin nuna shirinsu da biyayyarsu ga sarki.

Kalmar "durbar" da baƙi suka fi sanin bikin da ita, Turawan mulkin mallaka ne suka taho da ita daga Indiya. Su ma sun shirya irin nasu taron dawakin a Kano, ciki har da wanda aka yi wa Yariman Wales a 1925. Amma a bakin Bakano, hawa sunansa hawa.

Ba kuma rana guda ake yinsa ba. Akwai hawan Idi a ranar Sallah, sai hawan Daushe washegari, inda sarki kan je Babban Ɗaki ya yi gaisuwa, sannan ya dawo Ƙofar Kudu hakimai su yi masa jahi.

Ruwayar baka na cewa an samo sunan ne daga wani bafade mai suna Daushe, wanda rashin lafiya ta hana shi hawan Idi, ya roƙi sarki a sake fita domin shi.

A rana ta uku ake hawan Nassarawa, wanda kan kai sarki gidan gwamnati, ya kuma bi ta unguwannin wajen ganuwa irin su Sabon Gari da Fagge. Daga nan sai hawan Ɗorayi a Ƙaramar Sallah, ko kuma Fanisau a Babbar Sallah.

Ga mai sha'awar kiɗa, da wuya a samu wani taro a ƙasar Hausa da ke haɗa makaɗa masu yawa irin wannan. Kowane hakimi na tafe da nasa masu algaita da 'yan ganga da maroƙa, a tawagar sarki kuma ake jin kakaki da tambari, waɗanda ba a busa wa ko kaɗa wa kowa sai mai sarauta.

Yaron da ya taso a gidan busa ko gidan kiɗan fada, a irin wannan rana yake koyon taken kowane basarake, da lokacin da ake ɗaga sauti da lokacin da ake sassautawa. Ba a rubuce wannan ilimi yake ba, a bayan doki ake ɗaukarsa.

Akwai kuma masu cin abinci da hawan: dukawa masu ɗinka kayan doki, maƙera masu yin linzami da likkafa, maɗinka alkyabba, masu naɗin rawani, masu hayar dawaki, da 'yan kasuwar Kurmi da kan yi cinikin shekara a makonnin da ke gaban Sallah.

An taɓa dakatar da hawan a 2012, inda fada ta ce rashin lafiyar Sarki Ado Bayero ce ta jawo, an kuma dakatar a 2020 saboda annobar korona. Bambancin wannan karon shi ne saɓani ne tsakanin mutanen gida.

Daga dodon bango zuwa kaset

Takaddama kan wurin kallo tsohuwar aba ce a Kano.

A 1937 aka buɗe gidan silima na Rex a yankin Sabon Gari, wato a wajen ganuwa, inda baƙi suka fi yawa. Mutanen birni a lokacin sun riƙa kiran hoton da ke motsi a jikin bango da suna dodon bango, kuma malamai da dama sun nuna ƙyamarsa.

A watan Mayun 1951 gobara ta tashi a silimar El Duniya, inda mutane 331 suka rasu. Wasu da dama a birnin sun fassara abin a matsayin hukunci daga Allah, lamarin da ya ƙara wa gidan silima baƙin jini. Ko da aka gina silimar Palace a Jakara, a cikin birni, sai da aka sha fama da masu adawa.

Duk da haka gidajen sun bunƙasa. Plaza da Orion da Wapa da Eldorado da Marhaba sunaye ne da duk wanda ya yi samartaka a Kano a shekarun 1970 da 1980 ya sani, kuma fina-finan Indiya ne suka fi cika su. Amma wuri ne na maza. Macen da ta shiga silima kan fito da tabo a sunanta.

Wannan ne ya sa kaset ɗin bidiyo ya samu karɓuwa cikin sauri. A 1990 ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya, wanda ake ɗauka shi ne fim ɗin Hausa na farko da aka shirya a kaset domin sayarwa. Matan aure da ba sa zuwa silima sun samu abin kallo a cikin ɗakunansu, kuma su ne suka zama ƙashin bayan kasuwar.

Zuwa 1999, lokacin da Sangaya ya fito da salon waƙa da rawa a kan kiɗan fiyano, sana'ar ta riga ta cika kasuwar Ƙofar Wambai da Bata. A ƙarshen shekarun 1990 ɗin ne kuma mujallar Tauraruwa ta laƙaba mata suna Kannywood.

Abin lura a nan shi ne, 'yan wasan da suka kafa sana'ar daga dandamali suka fito, daga ƙungiyoyin wasan daɓe da na talabijin. Da kyamara ta zo da kuɗi, sai dandamalin ya zama kango.

Hukumar tace fina-finai

Bayan ƙaddamar da shari'ar Musulunci a jihar a 2000, gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta dakatar da shirya fim da nuna shi a watan Disamban shekarar. A 2001 aka kafa hukumar tace fina-finai da ɗab'i ta jihar, aka kuma ci gaba da aiki bisa sharuɗɗa, ciki har da hana cuɗanyar maza da mata a gidajen silima.

Lokacin da ya fi tsanani shi ne 2007, bayan ɓullar wani hoton bidiyo na batsa a wayoyin salula da aka danganta da wata 'yar wasa. Hukumar, a ƙarƙashin Abubakar Rabo Abdulkarim, ta dakatar da ɗaukar fim na tsawon watanni shida.

A shekarar aka ɗaure Adam A. Zango bisa fitar da kundin waƙoƙinsa na Bahaushiya ba tare da an tace ba, a ƙarshen 2008 kuma aka ɗaure furodusa Hamisu Lamido Iyan-Tama kan fim ɗinsa Tsintsiya, kafin wata babbar kotu ta ba da umarnin a sake shari'ar. 'Yan fim da dama sun tattara sun koma Kaduna da Jos.

A 2016 gwamnatin tarayya ta janye shirin gina dandalin shirya fina-finai a Kofa da ke ƙaramar hukumar Bebeji, bayan wasu malamai sun yi wa shirin ca a kan mumbari. A watan Mayun 2025 kuma hukumar ta dakatar da fina-finai masu dogon zango guda 22, ciki har da Labarina da Daɗin Kowa, bisa zargin fitar da su ba tare da an kai mata ta duba ba.

Masu goyon bayan hukumar na cewa al'umma na da haƙƙin kare tarbiyyar 'ya'yanta, kuma ba za a ce ba su da hujja ba, idan aka dubi irin abin da akan yi a wasu gidajen gala. Su kuma 'yan fim na cewa hukunci kan faɗa kan kowa saboda laifin mutum ɗaya.

Abin da ɓangarorin biyu ba su cika tattaunawa ba shi ne, duk matakin da aka ɗauka kan taron jama'a, kallo ba ya tsayawa, sai dai ya koma inda ido ba ya kaiwa. A yau a YouTube da tashoshi irin su Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, ake kallon akasarin fina-finan, ko kuma a shagunan 'yan tura fim a waya. Uban da a da zai iya hana ɗansa zuwa Plaza, yanzu bai san abin da ke cikin wayar da ke aljihun yaron ba.

Tashe da makaɗan gargajiya

Tashe, wato wasan kwaikwayon da yara da samari kan yi gida-gida daga daren goma ga watan azumi, shi ma ya gamu da cikas. A cikinsa ne yara kan kwaikwayi malami da attajiri da mai rowa da miji da mata, a yi dariya a kuma ji nasiha, yayin da Nalako da jama'arsa kan bi gwagware da tsokana.

A wasu shekarun baya-bayan nan 'yan sanda sun hana tashen a Kano, suna cewa 'yan daba na fakewa da shi suna ƙwacen waya da faɗan unguwa. Mazauna unguwannin da abin ya shafa sun san matsalar gaskiya ce. Amma yaran da aka hana ba su ne 'yan daban ba.

Makaɗan gargajiya kuwa, gidan biki ne babbar kasuwarsu, kuma nan ma mai na'urar sauti da mawaƙin fiyano sun karɓe mafi yawa, domin hayar mutum ɗaya da kwamfuta ta fi ɗauko ƙungiyar mutum goma arha. Birnin da ya ji kukumar Garba Supa da ƙwaryar Uwaliya Mai Amada, a yau taron siyasa ne wurin da ya fi tara jama'a a gaban mawaƙi.

Akwai dai sauran wurare. Hukumar tarihi da al'adu ta jihar na da mazauni a Gidan Ɗan Hausa, tsohon gidan Hanns Vischer, Baturen da ya buɗe makarantar boko a Nassarawa a 1909, kuma 'yan rawar Koroso na hukumar kan yi wasa idan an yi baƙi. Gidan Makama, da ke kusa da fada, na ajiye da kayan tarihin birnin. Sai dai baƙi da 'yan makaranta ne suka fi leƙa su.

Tarukan da suka ci gaba da cika tituna su ne masu tushe a addini. A ranar Takutaha, mako guda bayan Mauludi, dubban mutane kan hau dutsen Dala. Haka nan maukibin Ƙadiriyya, wanda Shehu Nasiru Kabara ya assasa, kan fito da masu bandiri daga sassan ƙasar da ma maƙwabta, su ratsa birnin suna bege.

Ita dai UNESCO ba gini ko kayan ajiya take rubutawa a wannan jerin ba, al'adar da ake yi ake kuma miƙa wa na baya take rubutawa. Bisa yarjejeniyar 2003 da Najeriya ta amince da ita, wajibi ne ƙasar ta riƙa kai wa hukumar rahoto lokaci-lokaci kan halin da kowace al'adar da aka sanya a jerin take ciki, har da hawan Sallah na Kano.