Yoga da Ƙurar Arlit: Kafin a Ja Dogon Numfashi

A kowace ranar 21 ga Yuni ake bikin ranar yoga ta duniya, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ita a Disambar 2014. Wannan motsa jiki da ya samo asali daga Indiya ya rabu gida-gida: wasu na ɗaukarsa ibada, wasu atisaye kawai. A 2008 majalisar fatawa ta Malesiya ta hana shi ga Musulmi saboda addu'o'in Hindu da ke cikinsa, ita kuwa Saudiyya ta amince da shi a matsayin wasa a 2017. Amma duk sun haɗu kan abu ɗaya: a nutsu, a ja numfashi a hankali.

A Arlit ta jihar Agadez, nutsuwa ba baƙuwa ba ce. Tana nan a sahun sallah da zaman shayin Buzaye mai zagaye uku. Iskar da za a shaƙa ce abin damuwa.

Tun 1971 Somaïr ke haƙar yuraniyom a nan. Mahaƙar Cominak ta Akokan ta rufe a Maris 2021, ta bar dagwalo mai guba kimanin tan miliyan 20. Kamfanin Orano na Faransa ya ce yana binne shi da yumɓu da duwatsu, yayin da ƙungiyar Aghir In'Man ta Almoustapha Alhacen ta daɗe tana kokawa kan lafiyar mazauna.

Numfashi a hankali na rage damuwa, amma ba ya tace ƙurar da iska ke kwasowa zuwa cikin gidaje.