NA'URA MAI HIRA DA BINCIKEN CUTUTTUKAN SADUWA: ABIN DA YA KAMATA JAMA'A SU SANI

Tun daga watan Nuwamba na 2022, sa'ad da aka fito da ChatGPT, mutane da yawa sun saba da yi wa na'ura tambaya ta wayar hannu, ita kuwa ta amsa kamar mutum. Ana kiran wannan fasaha ƙirƙirarriyar basira. Cikin tambayoyin da ake kai mata har da na cututtukan da ake ɗauka ta wajen saduwa, watau ciwon sanyi, da tunjere, da ƙanjamau da makamantansu. An shirya wannan takarda domin jama'a su san iyakar amfanin na'urar, kada wani ya ɗauki amsarta a bakin gwajin asibiti.

GIRMAN MATSALAR

Bisa ga ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, a shekarar 2020 an sami sababbin kamu miliyan 374 na cututtuka huɗu masu warkewa, ciwon sanyi da tunjere na cikinsu. Ke nan fiye da miliyan ɗaya kowace rana. A nan Nijeriya, binciken da aka yi a 2018 ya nuna mutum wajen miliyan 1.9 suna ɗauke da ƙwayar ƙanjamau. Kunya da tsoron bakin mutane su ke hana da yawa zuwa asibiti, har cutar ta yi nisa.

YADDA NA'URAR KE AIKI

Na'urar ta koyi magana ne daga ɗimbin rubuce-rubuce. Idan mutum ya faɗa mata alamun da yake ji, da lokacin da suka fara, sai ta gwama bayaninsa da abin da ta koya, ta ba da amsa. A birnin Malbon na ƙasar Ostireliya, asibitin da ke kula da waɗannan cututtuka ya shirya wata manhaja mai suna MySTIRisk, wadda ke yi wa mutum 'yan tambayoyi ta ƙiyasta masa haɗarin da yake ciki, sa'an nan ta shawarce shi ya je gwaji. Amfanin irin wannan a bayyane yake. Wanda ba zai iya buɗe baki gaban likita ba yana iya yin tambaya cikin dare a ɗakinsa, ya san sunan gwajin da zai nema.

INDA TA GAZA

Na farko, yawancin waɗannan cututtuka ba su nuna alama, musamman ga mata. Wanda ba ya jin kome ba shi da abin da zai faɗa wa na'ura, alhali kuwa yana iya harbin abokin zamansa. Gyambon tunjere ba ya zafi, kuma yakan bushe da kansa cikin mako 3 zuwa 6, amma ƙwayar tana nan cikin jini. Mai ciki tana iya sa wa ɗan da ke cikinta, har a haife shi ba rai.

Na biyu, na'urar ba ta ɗibar jini ko fitsari. Takan kuma ƙaga amsa marar tushe, ta faɗe ta da ƙarfin zuciya kamar gaskiya.

Na uku, yawancin abin da ta koya da Turanci ne. A bakin Hausawa kuwa "ciwon sanyi" suna ne da ake ba larurori iri iri, waɗansu ba ruwansu da saduwa. Idan tambaya ta zo a dunƙule, amsa za ta iya kaucewa, ta jawo zargi tsakanin miji da mata a kan banza.

Akwai abin lura daga Amurka. A 2024 an fito da wata manhaja mai suna Calmara, wadda aka ce tana gane cuta daga hoton al'aurar namiji. Hukumar kula da cinikayya ta ƙasar ta bincika wannan da'awa, kuma a watan Yuli na shekarar kamfanin ya rufe manhajar, ya amince zai share bayanan mutane.

ABIN DA ZA A KIYAYE

1. Duk wanda ya ga miki, ko ruwa mai fita daga gaba, ko zafin fitsari, ya je asibiti ko cibiyar lafiya mafi kusa, kome na'ura ta ce.

2. Wanda yake jin ya haɗu da ƙwayar ƙanjamau kada ya tsaya hira da waya. Akwai maganin kariya, amma sai an fara shi cikin sa'a 72. Waɗansu gwaje-gwajen ba su nuna ƙwayar sai bayan kwana 90, saboda haka a koma a sake idan ma'aikacin lafiya ya ce.

3. Kada a sayi kafso a kantin magani bisa shawarar na'ura. Shan magani barkatai ya sa ƙwayar ciwon sanyi ta daina jin magunguna da dama.

4. Kada a aika wa na'ura hoton tsiraici, ko suna, ko lambar waya. Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta sa bayanin lafiya cikin abubuwan da ake tsarewa ƙwarai, amma abin da ya fita waje dawo da shi da wuya.

5. Mai ciki ta nemi gwajin tunjere da na ƙanjamau wajen awo. Allurar fenisilin tana warkar da tunjere, ta kuma tsare jariri.

6. Idan gwaji ya nuna cuta, a yi wa miji da matansa magani tare, don kada ta yi ta komowa.

Dokar 2014 ta haramta nuna wa mai ɗauke da ƙanjamau bambanci a wurin aiki, ko makaranta, ko asibiti, kuma wajibi ne ma'aikatan lafiya su rufa asirin majiyyaci. Ana roƙon sarakuna, da malamai, da shugabannin mata da na matasa su isar da wannan bayani ga waɗanda ba su iya karatu ba.