Babi na 7: Dashen Rumman a Ƙaramar Garka

Mutumin da Allah bai hore wa fili mai yalwa ba, wanda iyakar abin da ya mallaka 'yar garka ce a bayan ɗaki, wajibi ne ya yi tadabburi tun kafin ya ɗauki fartanya, domin mangwaro da ɗinya, duk da albarkarsu, idan suka ƙasaita sai su mamaye wurin da inuwa, saiwarsu kuma ta tsaga katanga. A ganina babu itacen da ya dace da irin wannan hali kamar rumman, wanda asalinsa ƙasar Farisa ne, aka kuma ambace shi sau 3 a cikin Alƙur'ani mai girma, a Suratul An'am da Suratur Rahman. Da wuya tsawonsa ya haura mita 5, ga shi da jimirin zafi da fari, har ma mutanen Timiya, can cikin duwatsun Azbin, sun shahara da nomansa.

Asirin al'amarin yana wurin zaɓe. Wanda ya shuka ƙwaya ba shi da tabbacin za ta gaji uwarta, ta yiwu ya yi shekaru yana wahala ya tarar da 'ya'ya masu tsami. Amma wanda ya je wurin itacen da ya riga ya ɗanɗana, ya yanko reshe mai kaurin alƙalami, tsawon taƙi guda, ya kafa shi a ƙasa mai laima har ya yi saiwa, to, haƙiƙa ya san abin da zai ci.

Sa'an nan a nemi inda rana ke wuni, nesa da gindin katanga, a haƙa rami kamu ɗaya, a gauraya ƙasarsa da ruɓaɓɓen taki, ba ɗanye ba, a dasa da faɗuwar damina, a kewaye da ƙaya saboda awaki. Rumman ba ya son ruwa ya kwanta masa a gindi, kuma tohon da ke fitowa daga ƙasa a riƙa datse shi.

Galibi a shekara ta 3 yake fara 'ya'ya, kuma a nan ne ake yawan kuskure, domin idan aka bar shi da ƙishi sa'an nan aka malala masa ruwa gaba ɗaya, sai ɓawon ya tsage kafin ya nuna. Saboda haka, ya kai mai karatu, ka daidaita ban-ruwa, kada kuma ka tsinke shi ɗanye, don ba ya ƙarasa nuna bayan an raba shi da reshe.