Ko Kun Sani? Gunjin Lasifika

Gunjin da ke cika lasifikar masallaci ko ta masu kiɗan biki a Jega, Aliero da Maiyama, galibi laifin waya ne. Wutar lantarkin Najeriya na kaɗawa sau 50 a sakan ɗaya, ta Amurka 60, kuma kaɗawar nan ce ke kutsawa wayar sauti idan an cukuikuye ta da wayar wuta. Na'urar faifan garmaho ta fi shan wahala, domin sautin allurarta kusan milibolt 5 ne kacal, sai an ninka shi wajen sau 100, gunjin ma ya ninku. Shi ya sa take da siririyar waya daban da ake ɗaurewa a sukurun bayan amfilifaya. Kafin a nemi mai gyara, a zare wayoyin ɗaya-ɗaya, a ji inda gunjin zai ɗauke.